Tambari a Gadon Baya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya suturta ɗan Adam da tufa, Ya kuma sanar da shi cewa tufar tsoron Allah ita ce mafificiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, abin da zan rubuta a nan ƙaramin al'amari ne, maganar riga ce guda ɗaya ta masu tseren keke. Da a ce wani ya faɗa mini tun da farko cewa a tsufana zan ɓata makonni a kan irin wannan riga, da na roƙa masa lafiya wurin Allah.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa a bakin Kogin Nilu, a Sudan. Mahaifina ya baro ƙasar Hausa yana yaro cikin ayarin mahajjata, tafiya ta tsaya masa a can, ya zauna yana aikin babbar riga har ya koma ga Ubangijinsa. Ni ne na ƙarasa tafiyar. Na ƙetaro teku ina saurayi, na sauke farali, na zauna a Jidda. Da rana ina tsaron wani kantin turare a Balad, bayan Magariba ina karantar da fiƙihu a unguwarmu ta Madain Fahd. Kantin na bar shi tuni, karatun ne ban bari ba.

Ina da jika, ɗan 'yata ta fari, saurayi ne da ya isa aure, yana gyaran kekuna a wani shago a unguwar Sa'alaba. A Jidda aka haife shi, fasfonsa na Sudan ne, bai kuwa taɓa taka ƙasar ba. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar da magana rabinta da Larabci take fitowa. Sidi yake kirana, yadda 'ya'yan Hijaz ke kiran kakansu. Kakarsa kuma tana ce masa maigida, ni tana ce mini tsohon miji idan yana wurin. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a gidana yake cin tuwo.

A irin wannan zama ne ya miƙo mini wayarsa, na ga Turawa a kan kekuna, sun cunkushe kamar garken tumaki a ƙofar rijiya.

Ya ce, "Sidi, ka ga wannan na tsakiya? Duk 'yan ƙungiyarsu rigarsu iri ɗaya ce, shi kaɗai tasa daban. Shi ne zakaran ƙasarsu. Wanda ya ci gasar ƙasa, shekara guda cur yana tsere da riga mai tutar ƙasarsa. In wani ya karɓe, halas, shi ke nan, sai ya cire. Ɗan layi kawai ake bar masa a bakin hannun riga, har ya daina hawa keke."

Na ce, "Ashe aro ake ba shi."

"Aro ne, amma kowa ya ga rigar ya san ɗan ina ne."

Daga nan ya shiga bayanin abin da ya kawo maganar. Su samarinmu masu jin Hausa a kudancin Jidda suna da ƙungiyar hawa keke, suna fita kowace Juma'a bayan Asuba. Bana sun yanke shawarar yin gasa tasu, su kuma yi wa wanda ya ci riga irin ta zakarun ƙasashe. Sai rigima ta tashi a kan tuta. A cikinsu akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Nijar da Chadi, akwai sababbin zuwa daga Najeriya, kowa ya ce tasa za a sa. Wani ya ce a haɗa duka, aka gwada a kwamfuta, ta fito kamar rumfar mai sayar da lemo. A ƙarshe suka haɗu a kan abu guda, jikana kuma shi ya tsara shi. Ya buɗe hoton yana murmushi. Riga ce koriya, an rubuta Kalmar Shahada da fari daga wannan hammata zuwa waccan, kamar yadda take a tutar ƙasar da muke zaune, zif ya ratsa ta tsakiyarta.

Zuciyata ta ba ni amsa nan take, amma na riƙe harshena. Malamanmu sun hore mu da cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin, ni kuwa rabona da keke tun ina kai wa mahaifina zare daga kasuwa. Na ce masa zan bi su in gani.

Kakarsa ta ce, "Maigida, ka ɗaure shi da igiya a kujera, kada iska ta ɗauke mini shi. Ko ba ya amfani, na saba da shi."

Da Juma'a ta zagayo na zauna a gaban wanet, wato motar ɗaukar kayan da ke biye da su da ruwa da tayoyi. Muka bi hanyar kudu, muka wuce tashar jiragen ruwa, rana ta fito, damshin teku ya sauko. Na zuba ido ina lura da abin da ke samun riga a jikin mai keke. Gumi ya jiƙa ta tun kafin gari ya gama wayewa. Da kafaɗarta suke share majina. Wanda ke gaba ya tofar da yawu, iska ta mayar da shi ƙirjin na baya. A bayan rigar akwai aljihu uku, nan suke cusa ɓawon ayaba da ƙwallon dabino. Da zafi ya yi zafi sai kowa ya ja zif har cibiya. Aka tsaya a bayan wata katanga don kama ruwa, babu wanda ya cire riga, ba kuma zai yiwu su cire ba. Duk wannan na ce a raina wataƙila akwai dabara.

A wani shataletale da yashi ya kwanta, tayar wani yaro ɗan Nijar ta zame. Ya tafi a kan ƙirjinsa, kwalta tana goge shi kamar ana fere rogo. Allah Ya tsare, ƙujewa ce kawai. Abokansa suka yage masa rigar don su wanke ciwon, wani ya dunƙule ta ya jefo ta cikin mota. Ta faɗo a ƙasa tsakanin takalmana, jini da baƙin kwalta da yashi a ƙirjinta, daidai wurin da jikana ya tanadar wa Kalma. Na daɗe ina kallonta.

Bayan tuwo na ce masa, "Abokina, na gani. Ba za a rubuta ta ba."

Ya ajiye cokali. "Sidi, wallahi da niyya mai kyau muka yi. Riga ɗaya ce, ba sayarwa za mu yi ba."

"Niyyarku ban tuhume ta ba. Kwalta ce ba ta san niyya ba. Ka duba tutar da kuka kwaikwaya, ko rasuwa aka yi ba a sassauto da ita, saboda abin da ke rubuce a jikinta. Kai kuma kana so ka sa ta inda za a share majina, a shiga bayan katanga, a kai wa mai wanki ya haɗa da safa."

Sai ya yi magana da Hausa zalla, abin da ba kasafai yake yi ba. "Kai kana da Sudan, ka sha ruwanta. Babanka yana da ƙasar Hausa. Ni me nake da shi? Nan aka yanke cibiyata, amma kullum ina sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa, kamar baƙon jiya. Abu ɗaya muka samu wanda ba mai tambayarmu takarda a kansa, shi ma ka ce a'a."

Na ce, "Don ba mai tambayarka takarda a kansa ne ba zan yarda a ja shi a titi ba."

Ya tashi, ya gaishe da kakarsa, ya fita. Juma'ar da ta biyo baya bai zo ba. Na kuma san cewa maganata ba doka ba ce a kan ƙungiyarsu. Suna girmama ni, amma su ke da riga, su ke da mai buga musu ita, ranar gasa kuwa tana ƙaratowa.

Tsohuwar matata ta ajiye mini tuwo da ƙarfi ta ce, "Malam, hani dai ka iya shi. Ba kai ke faɗa wa ɗalibai cewa mai fatawa in ya toshe hanya sai ya nuna wata ba? Ta tagar kicin nake jin ka. Yau a gidanka ka toshe, ka zauna a bakin ƙofa, ka kore mini maigida."

Gaskiya ta faɗa. Na ƙudurta cewa ba zan janye hanin ba, ba kuma zan bar yaran nan hannu biyu ba. Abin da suke nema shi ne alamar da duk za su ce tasu ce. Na yi ta juya tunani, har na tuna da adakar da ke ƙarƙashin gadona. A cikinta akwai rigar saƙi ta mahaifina, aikin hannunsa, shuninta ya koɗe amma zaren tsamiya, alharinin da aka yi mata ado da shi, na nan daram. A ƙirjinta akwai aska takwas, wato tsinayen nan masu kama da wuƙaƙe da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu. Duk wanda ya fito daga gidan Hausawa, ko a Damagaram ko a bakin Tafkin Chadi ko a bakin Nilu, ya taɓa ganin wani tsohonsa a cikin irinta. Kuma aikin ba baƙo ba ne a wurina. A al'adar masu aikin riga, mai karatu ne ke zana fasalin a kan ƙyalle da alƙalamin kara da tawada, sannan mai allura ya bi. Tun da na fara iya rubutun allo, ni nake zana wa mahaifina.

Na feƙe alƙalami, na dama tawada, na zana askar a kan babbar takarda. Hannuna yana rawa yanzu, amma aska miƙaƙƙun layuka ce, da katako na daidaita su. Na ɗauki takardar na hau tasi zuwa Sa'alaba, wurin mai buga riguna da ke kusa da shagon jikana, wani dattijon kirki mutumin Damagaram. Ya duba zanen ya ce, "Baba Malam, ka sauke mini nauyi. Waccan koriyar tun da suka kawo ta nake ce musu injin ba shi da lafiya." Ya aika aka kira jikana. Ya shigo da baƙin mai a hannu, ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Ya duba zanen ya daɗe, sannan ya ce in aka yi ta da shuni kamar ta asali, zafin Jidda zai dafa mai sanye da ita. Muka juya abin, riga fara, aska ta shuni. Aka ce a buga guda ɗaya ta gwaji.

Ranar da ta fito, bayan La'asar, samarin suka taru a ƙofar shagon. Jikana ya sa ta ya tsaya. Ta yi kyau, ban ɓoye ba. Wani dogon yaro ɗan Chadi, mai kai wa gidaje tulun gas, ya shafa askar da yatsa ya ce da irinta kakansa yake zuwa Idi. Sai suka ce ya hau keke su gani. Ya hau, ya kama ƙahon keken, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya tafi ƙarshen layi ya juyo. Askata duk ta shige ƙasa tana kallon ƙarfen keke. Abin da ido ke gani farin baya ne fayau da aljihu uku.

Wani ɗan Najeriya ya ce, "To, zakaran namu umara zai tafi ne? Ai wannan harami ne."

Wani ya ce, "A ƙara masa buta a aljihu."

Suka yi dariya, suna satar kallona suna rage ta. Ni kuwa na ga inda na kuskure. Ranar da na bi su a mota na je neman inda rubutu zai wulaƙanta ne, ban duba inda ado zai bayyana ba. Na zana wa mutum mai tsayuwa da zama, irin mutanen da mahaifina ya yi wa aiki, masu karɓar gaisuwa da ƙirji a buɗe.

Jikana ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Sidi, Juma'a za su zauna. In babu wani abu, koriyar za a buga, ko ba a nan ba akwai wasu shaguna. Ƙuri'a ɗaya gare ni, kuma wallahi ban san inda zan ba da ita ba."

Na ce, "Ka riƙe ta tukuna."

Washegari da hantsi na ɗauko rigar mahaifina zan ninke in mayar adaka. Da na kifa ta sai ga tambari a gadon bayanta, zagayayyen layin nan da ke farawa daga ɗigo ya yi ta naɗewa yana faɗi. Shekaru nawa ina da rigar, kullum gabanta nake kallo. Na tuna ina yaro na taɓa tambayarsa dalilin wahalar da allura a wurin da mai riga ba ya gani. Ya ce mini gaba na wanda ka tsaya gaisawa da shi ne, baya na wanda ka wuce. Mai tseren keke kuwa ba ya tsayawa gaisuwa.

Sai dai tambari ba a zana shi da katako. Na gwada da hannu, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Na sake, na sake, takardu suka taru, matata ta kwashe su tana shimfiɗa wa albasa. Mai bugawa ya ce kwamfuta za ta yi shi kafin in ƙifta ido, ko a ɗauki hoton na jikin rigar. Hoton ya fito a yamutse, na kwamfutar kuma ya fito kamar maganin sauro. Na ce a'a. Na tuna yadda mahaifina ya riƙa yi da idonsa ya fara rauni: ya kafa basilla a tsakiya, ya naɗa mata zare, ya ɗaura alƙalami a bakin zaren, ya riƙa zagayawa zaren yana warwarewa, layin yana buɗewa da kansa. Basillarsa ta ɓace tun a Sudan. Na kafa fensir a madadinta, ya yi kauri, tazarar layukan ta yi yawa. Abu siriri nake bukata, mai ƙarfi, wanda ba zai lanƙwashe ba.

Na koma Sa'alaba, na shiga shagon jikana na ce ya ba ni waya ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar keke. Ya tambayi dalili, na gaya masa. Ya share teburin aikinsa, ya kafa takarda a kan allon katako, ya huda tsakiya, ya tsayar da wayar ya danne ta da tafin hannunsa. Na naɗa zare, na tsoma alƙalami, na yi bisimilla na fara zagaya teburin. Hannuna bai daina rawa ba, amma zaren a miƙe yake, ya hana shi kaucewa. Duk inda tawada ta ƙare sai in tsaya in tsoma, wurin ya bar ɗan ƙulli a layin. Gwiwoyina suna ƙara, shi kuma yana ɗaga hannu ɗaya ya sauya ɗaya don zaren ya wuce.

Ya ce, "Sidi, ka cika bakwai na ɗawafi tuni, saura sa'ayi."

Na ce masa ya kiyaye harshensa, ya kuma riƙe ƙarfen da kyau. Amma na ji daɗin jin wasan ya dawo.

Da muka kai wa mai bugawa, ya ce zai goge ƙulle-ƙullen a kwamfuta. Jikana ya ce a bar su. Shi ne kuma ya auna wurin, ya ce a ɗaga tambarin sama tsakanin kafaɗu, don kada aljihu da lambar da ake maƙalawa su cinye shi. Askar muka bar ta a ƙirji, saboda ko zakara yakan sauka daga keke ya gaisa da mutane.

Zaman Juma'ar ban je ba, sha'aninsu ne. Abin da aka gaya mini shi ne jikana bai yi doguwar magana ba. Ya sa rigar tun Asuba, ya shiga gaba, ya ja su har can kudu da dawowa, duk suna biye suna kallon gadon bayansa. Da aka zauna, mafi yawansu suka zaɓe ta. Akwai waɗanda har yau suke cewa koriyar ta fi kwarjini, ban kuma yi jayayya da su ba, don ta fi.

Ranar gasa na sake zama a gaban wanet. Jikana ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma dogon yaron nan ɗan Chadi, wanda ya saba hawa bene da tulun gas a kafaɗa, ya fizge a kusa da ƙarshe, jikana ya shigo a bayansa. Suka ce ni zan sanya wa zakara riga. Na sanya masa, na ja zif ɗin da kaina har wuya, na yi masa addu'ar kariya da bakina, inda kwalta ba ta kaiwa.

Tun daga lokacin kowace Juma'a jikana yana biye da wannan riga a hanyar kudu, sannan ya zo cin tuwo. Kwanan baya yana wanke hannu ya ce, "Sidi, duk Jidda babu wanda ya san tambarin nan kamar ni. Har wuraren da ka tsaya tsoma tawada na haddace."

Kakarsa ta ce, "Maigida, kunya dai. Ka tsaya kallon bayan mutane."

Na ce, "To ka wuce shi mana."

Ya ce, "In sha Allahu. Kai dai ka fara zana ɗan layin bakin hannu, irin wanda ake bar wa tsohon zakara. Abokina ɗan Chadi zai bukace shi baɗi."

Na riga na feƙe alƙalami. Ƙananan asake nake so in jera a layin, in hannu ya yarda, in bai yarda ba akwai katako. Allah Ya tsare su a kan hanya, Ya sa mu cika da Kalmar da muka ƙi bari a ja a ƙasa.